Fasahar Tallafa wa Direba da Rage Haɗarin Mota: Nazarin Inda Ta Yi Tasiri da Inda Ta Gaza

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin na'urorin da kamfanonin ƙera motoci ke sanyawa domin taimaka wa direba ya kauce wa haɗari, da nufin gano gwargwadon amfaninsu a kan titi. An dogara da binciken da aka gudanar a Amurka da Turai da Ostareliya, inda aka kwatanta motoci masu na'urorin da takwarorinsu marasa su. An gano cewa na'urar da aka ɗora wa aiki guda, kuma take aikata shi da kanta a daidai lokacin da haɗari ya taso, ita ce ta fi tasiri: birki mai kama kansa ya rage dukan mota ta baya da kusan rabi. Na'urorin da gargaɗi kawai suke yi sun biyo baya da tazara. Waɗanda ke karɓar sitiyari da totur domin hutar da direba kuwa, ba a sami hujjar cewa suna rage haɗari ba. Maƙalar ta kuma nuna cewa waɗannan alƙaluma na titunan da aka auna su ne, don haka sai an yi hattara kafin a ɗora su a kan titunan Nijeriya da Nijar.

1.0 Gabatarwa

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa duk shekara a haɗarin hanya, kuma shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29. Fiye da rabin mamatan ba a cikin mota suke ba: masu tafiya a ƙasa ne da masu babura da kekuna. Nahiyar Afirka ce ta fi kowace yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a, duk da cewa ita ce mafi ƙarancin ababen hawa.

Shekaru da dama injiniyoyi sun fi mayar da hankali ga kare fasinja bayan an yi karo, ta hanyar bel da jakar iska da ƙarfafa gangar jikin mota. Daga baya hankali ya koma ga hana karon tun kafin ya auku. A yau da wuya a ga tallar sabuwar mota da ba a ambaci kyamara da na'urar rada da birki mai kama kansa ba. Tambayar da wannan takarda ta sa a gaba ita ce: wanne daga cikin waɗannan na'urori ne ya rage haɗari a zahiri, da kashi nawa, kuma a wane irin yanayi?

2.0 Rabe-raben Na'urorin

Domin sauƙaƙa nazari, an kasa na'urorin gida uku bisa ga abin da suke yi idan haɗari ya tunkaro.

Kashi na farko masu gargaɗi ne. Suna yin ƙara, ko su kunna fitila, ko su girgiza sitiyari, sauran aikin kuma su bar wa direba. A nan ne ake samun gargaɗin karo da abin da ke gaba, da gargaɗin sauka daga layi, da na'urar da ke sanar da direba cewa akwai mota a gefen da madubi ba ya nunawa.

Kashi na biyu masu shiga tsakani ne. Ba su jiran direba. Da sun ga abin ya ƙwace masa sai su ɗauki mataki na ɗan lokaci, su sakar masa motarsa. Misalinsu shi ne birki mai kama kansa, wanda ake kira AEB, da na'urar hana mota kufcewa a kwana, wato ESC.

Kashi na uku su ne masu karɓar wani ɓangare na tuƙin na tsawon lokaci: su riƙe mota a tsakiyar layi, su daidaita gudunta da na motar gaba. Autopilot na Tesla da ProPILOT Assist na Nissan da Super Cruise na General Motors duk a nan suke. A ma'aunin ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE, mai matakai daga 0 zuwa 5, waɗannan suna mataki na 2 ne, wato alhakin tuƙi bai bar wuyan direba ba ko na daƙiƙa ɗaya.

3.0 Yadda Ake Auna Tasiri

Hanyoyi biyu ake bi. Ta farko gwaji ne a filin da aka keɓe, inda ake tura mota ta tunkari motar roba ko mutum-mutumi, kamar yadda hukumar Euro NCAP ke yi a Turai. Wannan yana nuna abin da na'ura ke iya yi idan komai ya daidaita. Ta biyu ita ce bin rahotannin 'yan sanda da na kamfanonin inshora, a ɗauki mota iri ɗaya, ƙirar shekara ɗaya, a kwatanta waɗanda aka saya da na'urar da waɗanda aka saya babu ita. Cibiyar binciken kiyaye haɗurra ta kamfanonin inshorar Amurka, IIHS, ta yi fice a wannan hanya, kuma yawancin alƙaluman da ke tafe daga irin wannan bincike aka samo su.

Hanyar ta biyu ma tana da nata rauni. Wanda ya ƙara kuɗi ya sayi na'urar kariya wataƙila da ma mai taka-tsantsan ne. Sa'annan kamfanoni kan sayar da na'urori a dunƙule, ta yadda raba amfanin wannan da na waccan ke da wuya. Abu na uku, kowane kaso da aka ambata ya shafi wani nau'in haɗari ne kawai. Idan an ce birki ya rage dukan baya da rabi, ba ana nufin ya rage dukkan haɗurra da rabi ba. Masu talla sun sha haɗiye wannan bambanci.

4.0 Inda Fasahar Ta Yi Tasiri

4.1 Na'urar Hana Kufcewa

Kamfanonin Bosch da Mercedes-Benz ne suka fito da ESC a 1995. Ta yi suna ne a 1997, lokacin da sabuwar Mercedes A-Class ta wuntsila a gwajin kauce wa dabba da wata mujallar motoci ta Suwidin ta yi, abin da ya sa kamfanin ya sanya na'urar a kowace motar wannan ƙira. Aikinta shi ne kwatanta inda direba ya karkata sitiyari da inda motar ta nufa. Da ta ga sun saɓa sai ta kama birkin taya guda, ta rage wuta, motar ta dawo hanya. Direba ba shi da hanyar taka birkin taya ɗaya ya bar sauran, don haka wannan aiki ne da ɗan Adam ba ya iyawa komai ƙwarewarsa. Binciken IIHS ya nuna ta rage haɗarin mota ɗaya mai kisa da kusan rabi. Amurka ta wajabta ta daga motocin ƙirar 2012, Tarayyar Turai kuma daga 2014.

4.2 Birki Mai Kama Kansa

Domin fahimtar amfanin wannan na'ura, a duba abin da ke faruwa cikin ƙiftawar ido. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin mita kusan 28 kowace daƙiƙa. Idan motar gaba ta ci birki, direban baya kuma ya ɗauki daƙiƙa ɗaya da rabi kafin ya gani, ya gane, ya ɗauke ƙafa daga totur ya aza a birki, to ya riga ya ci mita 42 bai rage komai ba. Idan idonsa na kan waya, tazarar ta ƙaru. Kyamarar da ke bayan gilashin gaba da radar da ke cikin bamba suna auna tazarar da saurin da take raguwa sau da yawa a daƙiƙa guda. Su fara yin ƙara; in ba a amsa ba, su danne birki da kansu. Ko da motar ba ta tsaya cak ba, an ci riba, domin ƙarfin karo yana ninkuwa huɗu idan gudu ya ninka biyu. Rage gudu daga 60 zuwa 30 ya kwashe kashi uku cikin huɗu na ƙarfin dukan.

Binciken Jessica Cicchino ta IIHS na 2017 ya nuna cewa gargaɗi kaɗai ya rage dukan baya da kashi 27 cikin 100, amma da aka haɗa shi da birki mai kama kansa raguwar ta kai kashi 50, wanda ake jikkata a cikinsa kuma ya ragu da kashi 56. Kafin wannan, nazarin da Brian Fildes da abokan aikinsa suka yi a 2015, wanda ya tattara bayanai daga ƙasashe da dama, ya sami raguwar kashi 38 ga nau'in birkin da ke aiki a ƙaramin gudu. A 2022 haɗin gwiwar PARTS, tsakanin gwamnatin Amurka da kamfanonin motoci, ya bi miliyoyin motoci ya sami kashi 49. Masu bincike daban-daban, da bayanai daban-daban, sun tsaya kusan wuri guda, wannan kuwa shi ke ƙarfafa hujja. A manyan motoci ma haka abin yake: binciken Eric Teoh na 2020 ya sami raguwar dukan baya da sama da kashi 40 a tireloli masu na'urar.

Sai dai binciken na 2017 ya gano wani abu da ba a cika faɗa ba. Motocin da ke da gargaɗi haɗe da birkin sun fi shan duka ta baya da kashi 20, wataƙila domin suna tsayawa da ƙarfin da na bayansu bai zata ba.

4.3 Sauran Na'urori

Gargaɗin sauka daga layi ya rage haɗurran da suka danganci hakan, wato faɗawa gefen hanya da gogar juna da taho-mu-gama, da kashi 11. Na'urar lura da gefe ta rage haɗarin canza layi da kashi 14. Kyamarar baya ita kaɗai ta rage haɗarin ribas da kashi 17, amma da aka haɗa ta da na'urar jin kusanci da birkin baya mai kama kansa, raguwar ta kai kashi 78. Duk inda aka duba, abu guda ke fitowa: na'urar da ke aikatawa ta fi wadda ke tunatarwa nesa ba kusa ba.

5.0 Inda Fasahar Ta Gaza

5.1 Duhu, Ruwan Sama da Abin da Ba Mota Ba

Wani binciken Cicchino na 2022 ya nuna cewa birkin da ke gane mai tafiya a ƙasa ya rage kaɗe mutane da kashi 27. Amma da aka ware haɗurran da suka auku cikin duhu inda babu fitilar titi, ba a ga wani bambanci ba tsakanin mota mai na'urar da marar ita. Haka ma a titunan da ake gudun kilomita 80 ko fiye, da kuma lokacin da mota ke shan kwana. A nan gizo ke saƙa, domin kusan kashi uku cikin huɗu na masu tafiya a ƙasa da ake kashewa a Amurka cikin duhu ake kaɗe su. A gwajin ƙungiyar direbobi ta AAA na 2019, mutum-mutumin yaro da ya fito a guje daga tsakanin motoci ya sha kaɗewa sau 89 cikin 100 a gudun kilomita 32 kacal. A gwajinta na 2021 da ruwan sama na kwaikwayo, motoci sun daki motar da ke tsaye a kashi ɗaya cikin uku na gwaje-gwajen da aka yi a gudun kilomita 56.

Na'urorin sun fi gane abin da aka horar da su a kansa, wato bayan ƙaramar mota. Nazarin IIHS na 2023 ya sami raguwar dukan baya da kashi 53 idan ƙaramar mota ce a gaba, kashi 41 idan babur ne, kashi 38 idan babbar mota ce. A 2017 kamfanin Volvo ya bayyana cewa na'urarsa ta gane manyan dabbobi, wadda aka gwada da dabbobin dajin Suwidin, ta rikice da dabbar kangaru a Ostareliya saboda tsallen da take yi.

5.2 Halin Direba

Tun a shekarun 1980 aka yi wani nazari a kan direbobin tasi na birnin Munich a Jamus, aka ga waɗanda motocinsu ke da birkin ABS, mai hana taya maƙalewa, ba su fi sauran ƙarancin haɗari ba, domin sun ƙara gudu da matse wa na gaba. Masana irin su Sam Peltzman da Gerald Wilde sun daɗe suna bayanin cewa mutum kan cinye wani ɓangare na kariyar da aka ba shi ta hanyar ƙara ganganci. Akwai kuma matsalar kashe na'ura. Binciken IIHS na 2016 ya tarar da kusan rabin motocin da aka duba an kashe musu gargaɗin layi, saboda ƙarar na damun masu su. Da kamfanoni suka koma girgiza sitiyari maimakon ƙara, binciken 2024 ya tarar da kusan tara cikin goma a kunne.

5.3 Na'urori Masu Karɓar Tuƙi

A watan Mayun 2016, kusa da garin Williston na jihar Florida, wata Tesla Model S tana gudun kilomita kusan 119 a kan Autopilot, sai tirela ta gitta gabanta za ta shiga wata hanya. Na'urar ba ta gane gefen tirelar ba, direban bai taka birki ba, motar ta kutsa ƙarƙashinta, ya mutu nan take. Hukumar binciken haɗurra ta NTSB ta gano cewa cikin minti 37 da na'urar ta yi tana aiki, daƙiƙa 25 kawai aka ji hannunsa a kan sitiyari. Matsalar a tsarin take: an ɗauke wa mutum aiki, an kuma ce ya zauna cikin shirin karɓa a daƙiƙa guda, alhali hankalin da ba shi da abin yi ba ya zama wuri ɗaya. A Disambar 2023 Tesla ya yi wa motoci sama da miliyan 2 gyaran manhaja bayan binciken hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, NHTSA.

A 2024 IIHS ta duba motocin Nissan da BMW, ba ta sami hujjar cewa waɗannan na'urori sun ƙara wani amfani a kan wanda birki mai kama kansa ya riga ya bayar ba. Da farko alƙaluman motar Nissan Rogue sun nuna kamar akwai raguwa, amma sai aka lura raguwar ɗaya ce a manyan hanyoyi da ƙananan da ba a cika kunna na'urar ba, kuma ta fi yawa da dare. Alamu sun koma kan fitilun gaba, waɗanda suka fi kyau a motocin masu tsada. A shekarar dai cibiyar ta auna tsari 14 ta fuskar sa ido kan direba, 11 suka faɗi.

6.0 Doka da Tsawon Lokaci

A 2016 kamfanoni 20 sun yi alƙawarin sanya birki mai kama kansa a kusan dukkan motocin da suke sayarwa a Amurka zuwa 2022. A 2024 NHTSA ta fitar da ƙa'idar da ta buƙaci na'urar ta yi aiki har a gudun kilomita 100, ta kuma gane mutum cikin duhu, inda ta ƙiyasta ceton rai aƙalla 360 a shekara. Tarayyar Turai ta wajabta birkin, da na'urar tunatar da iyakar gudu, da gargaɗin gyangyaɗi, a dukkan sababbin motoci daga Yulin 2024.

Duk da haka, mutum kusan 43,000 ne suka mutu a titunan Amurka a 2021, masu tafiya a ƙasa da aka kashe a 2022 kuma sun haura 7,000, adadin da rabon a gan shi tun shekaru 40 da suka wuce. Dalilai biyu sun bayyana. Dukan baya, inda na'urar ta fi ƙarfi, yana da yawa amma ba shi ne ya fi kisa ba. Sa'annan matsakaicin shekarun motar da ke yawo a Amurka ya haura 12, don haka na'urar da aka wajabta yau sai bayan shekaru masu yawa za ta game gari.

7.0 Abin da Wannan Ke Nufi ga Titunanmu

Rahoton Shirin Muhalli na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsofaffin motoci miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kashi 40 cikin 100 kuma Afirka suka zo. Ta wannan hanya, ta Legas da Kwatano, na'urorin ke iso mana a cikin motocin tokumbo. Amma sharuɗɗan aikinsu ba su biyo su ba. Gargaɗin layi sai da fenti a kan kwalta, hanyoyinmu da dama kuwa babu shi. Kyamara na buƙatar gani, ga hazon hunturu da ƙura. Wuraren da bincike ya nuna rauninta, wato duhu da babura da manyan motoci da masu tsallaka titi, su ne abincin yau da kullum na direbanmu, ga kuma adaidaita-sahu da amalanke da garken shanu.

Akwai kuma batun gyara. Motocin da ake shigowa da su da yawa sun yi haɗari a can, a nan ake ɗaga su. Fanalbita zai miƙe bamba, a canza gilashin gaba, a yi fenti, mota ta fito fes. Amma kyamarar da ke manne da gilashin da radar da ke bayan bambar sai an sake saita su da kwamfuta da allon gwaji, domin karkatar da ido ba ya gani a gareji tana zama mitoci a can gaba. Idan fitilar gargaɗi ta ƙi mutuwa a gaban direba, sau da yawa sai a ce wa mai wayarin ya kashe ta kawai. Mai mota ya tafi yana zaton yana da kariyar da babu ita.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1988, tana bayar da rahoton mutuwar sama da mutum 5,000 a shekara a 'yan shekarun nan, gudun wuce sa'a kuma shi ne kan gaba a dalilai. Tun 2017 ta fara tilasta sanya na'urar taƙaita gudu a motocin haya, wanda shi ma nau'i ne na shiga tsakani, kuma ya fi dacewa da cutar da ke damunmu.

8.0 Shawarwari da Kammalawa

Bisa abin da ya gabata, takardar na ba da shawarar a sanya ESC cikin sharuɗɗan shigo da mota, tunda ba ta buƙatar fenti ko fitilar titi, kuma motocin da aka ƙera don Amurka daga 2012 da Turai daga 2014 duk suna da ita. A koyar da saita na'urori a kwalejojin fasaha da ƙungiyoyin makanikai, a kuma sanya duba su cikin binciken lafiyar mota. Makarantun koyon tuƙi su bayyana wa ɗalibai iyakar kowace na'ura. Jami'o'inmu, tare da hukumomin kiyaye haɗurra, su fara rubuta ƙirar mota da na'urorinta a rahoton haɗari, domin mu sami namu alƙaluman.

A taƙaice, fasahar tallafa wa direba tana rage haɗari ƙwarai a inda aka ba ta aiki ƙayyadadde, tana raguwa da dare da cikin ruwa da gaban abin da ba ta saba da shi ba, kuma babu hujjar cewa mai karɓar tuƙi na ceton rai. Don haka hukumomi su fara da fenti da fitilar titi da taƙaita gudu da ɗaura bel, waɗanda na'urorin kansu ke dogara da wasu daga cikinsu, direba kuma ya riƙe sitiyarinsa ko wace irin mota ya hau.